Abin da takardun ƴan bangar Ruwanda suka tona

Jama'a, a watan Disamba na shekarar 2021 wasu dattawa takwas ƴan ƙasar Ruwanda suka sauka a Yamai. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha, cikin ƙasar Tanzaniya, ita ce ta yi musu shari'a a kan kisan ƙare dangin da aka yi wa ƴan ƙabilar Tutsi a 1994. Huɗu daga cikinsu kotun ta wanke su, huɗu kuma sun gama zaman kason da aka yanke musu. An kawo su ne bisa wata yarjejeniya tsakanin Nijar da Majalisar, amma kafin watan ya ƙare gwamnati ta ce su tattara nasu ya nasu su fita. Ba a samu ƙasar da za ta karɓe su ba, sai suka ci gaba da zama cikin wani gida da jami'an tsaro a bakin ƙofa. Wasunsu a nan Yamai ajali ya riske su, har da Protais Zigiranyirazo, yayan matar tsohon shugaban Ruwanda Juvénal Habyarimana, wanda ya mutu a 2025.

Ke nan labarin Ruwanda ya zo mana har gida. To amma in ka tambayi mutane a kasuwa abin da ya faru a ƙasar nan, amsar da za ka ji ita ce ƙabilanci: wai ƙabilu biyu ne da ba su ga maciji tun kaka da kakanni, rana ɗaya suka tashi suka faɗa wa juna. Takardun da aka tsinta bayan yaƙin ba haka suka nuna ba. Sun nuna cewa ƴan bangar da suka yi kisan ƙungiya ce da aka gina sannu a hankali, da shugabanni, da ma'aji, da rajista, da masu ba da gudummawa, kuma abin da ya haife ta shi ne kokawar neman mulki tsakanin ƴan siyasar ƙasar. Wannan labari ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye, domin sunayen ƴan kasuwa na cikin takardun, wasu a jerin waɗanda suka ba da kuɗi, wasu a jerin waɗanda aka kashe.

Ƙasar da ke rubuta komai

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce, faɗinta bai kai na jihar Maraɗi ba, amma a 1994 mutanenta sun kai kimanin miliyon 7. Hutu su ne mafi rinjaye, Tutsi kuwa ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Harshensu ɗaya, a unguwa ɗaya suke zaune, kasuwa ɗaya suke ci, kuma suna auren juna. Turawan Beljiyam ne, a shekarun 1930, suka shiga rubuta ƙabilar mutum a jikin katinsa na ɗan ƙasa, suka fifita Tutsi wajen sarauta da karatu. A 1959 ƴan siyasar Hutu suka kifar da wannan tsari, aka kashe Tutsi da dama, dubban ɗaruruwa suka gudu zuwa Yuganda da Burundi da sauran maƙwabta. Ƙasar ta samu ƴanci a 1962, amma ba a goge ƙabila daga jikin katin ba.

A wancan lokaci mulkin ƙasar a tsare yake tun daga sama har ƙasa: jiha, sannan ƙaramar hukuma mai magajin gari, sannan yanki, sannan unguwa, har zuwa rukunin gidaje goma da ke da nasu mai kula. Magajin gari na aika rahoto a kan haihuwa da mutuwa da wanda ya ƙaura da wanda ya shigo, tare da ƙabilar kowa. Ma'aikatan da suka saba da wannan rubutu ba su ajiye alƙalami ba ko a lokacin kisan. Da gwamnati ta faɗi a watan Yuli na 1994, manyanta suka tsere zuwa Zayar, wato Kwangon Kinshasa ta yau, suka bar wasiƙu da rahoton taruka da jerin sunaye cikin ofisoshi. Wata mai binciken tarihi ƴar Amurka, Alison Des Forges, da abokan aikinta suka bi gari gari suna tattara su, suka fitar da babban littafi a 1999. Kotun Arusha, wadda aka kafa a watan Nuwamba na 1994, ta tara nata. Daga nan ne aka san yawancin abin da za mu kawo muku.

Kasuwa ce ta fara faɗuwa

Janar Habyarimana ya karɓi mulki da juyin mulki a 1973, ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, MRND, a 1975. Shi ɗan arewa maso yammacin ƙasar ne, kuma manyan muƙamai na soja da bankuna da kamfanonin gwamnati sun tattaru a hannun ƴan yankinsa da dangin matarsa, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna Akazu, ma'ana ɗan ƙaramin gida. Hutun kudu da na tsakiyar ƙasa suna jin haushin wannan, balle da yake shugaban da aka hamɓarar, Grégoire Kayibanda, nasu ne, kuma a tsare ya mutu.

Muddin akwai kuɗi, gunagunin bai fito fili ba. Kuɗin ƙasar kuwa gahawa ce ke kawo mafi yawansa. A watan Yuli na 1989 yarjejeniyar da ke riƙe da farashin gahawa a duniya ta wargaje, farashi ya faɗi warwas. Gwamnati ta rage abin da take biyan manomi, daga faran 125 zuwa faran 100 a kowane kilo. A wannan shekara ta 1989 yunwa ta afka wa kudancin ƙasar. A watan Nuwamba na 1990 aka karya darajar kuɗin Ruwanda da kashi 40 cikin ɗari bisa sharuɗɗan masu ba da bashi. Ƴan kasuwarmu da suka ga abin da karya darajar sefa ya yi a watan Janairu na 1994 ba sai an yi musu dogon bayani ba: kaya sun yi tsada, jari ya narke, ciniki ya tsaya. Ga kuma ƙarancin gona. A al'adar ƙasar saurayi ba ya aure sai yana da fili da ɗaki, sai ga samari birjik ba gona, ba aiki, ba aure.

Ana cikin haka, ranar 1 ga Oktoba 1990, ƴan tawayen FPR, waɗanda yawancinsu ƴaƴan Tutsin da suka yi gudun hijira ne, suka shigo daga Yuganda da makamai. Cikin ƴan kwanaki gwamnati ta kama mutane fiye da 8,000 ta ce ƴan haɗin baki ne. A cikinsu akwai ƴan kasuwa da malaman makaranta, Tutsi da kuma Hutun da ba su ga maciji da gwamnati.

Jam'iyyu da samarinsu

Iskar dimokuraɗiyya da ta kawo mu Babban Taron Ƙasa a 1991 ta kaɗa a Ruwanda ma. A watan Yuni na 1991 aka halatta jam'iyyu da yawa. Aka samu MDR da PSD da PL, kuma mafi yawan shugabanninsu Hutu ne. Nan fa hankalin masu mulki ya tashi, don kuwa ƴan tawaye suna can kan iyaka, ƴan adawa kuwa suna cikin gida suna kwashe musu magoya baya. A watan Afrilu na 1992 aka tilasta wa Habyarimana kafa gwamnatin haɗaka, faraminista ya fito daga MDR.

Kowace jam'iyya ta tara samarinta. Na MDR ana kiran su Inkuba, wato tsawa. Na PSD Abakombozi. Na CDR, jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayi da aka kafa a 1992, Impuzamugambi. Na MRND kuwa su ne Interahamwe, ma'ana masu aiki tare, ko masu kai hari tare. Da farko aikinsu irin wanda muka sani ne: rakiyar ɗan siyasa, kiɗa da rawa a wurin gangami, kafa tuta, da tarwatsa taron abokan hamayya. Suna sa riguna na atamfa mai launi, ana ba su giya da ɗan abin kashewa. Har wata sabuwar kalma ta shigo bakin jama'a, kubohoza, ma'ana ƴantar da mutum: a je gidansa a tilasta masa sauya jam'iyya, ko a kori magajin gari daga ofis, ko a ƙwace fili. Ana yin haka ba a hukunta kowa, samari suka gane cewa duka da ƙwace na biya.

Interahamwe na da kwamitin ƙasa kamar kowace ƙungiyar ƴan kasuwa: shugaba, mataimaka biyu, sakatare da ma'aji. Shugaban, Robert Kajuga, mahaifinsa asalin Tutsi ne, abin da ke nuna cewa ba jini ne kaɗai ke kai mutum wannan layi ba, har da neman kusanci da masu mulki. Mataimaki na biyu, Georges Rutaganda, ɗan kasuwa ne mai shigo da giya da kayan abinci a Kigali. Daga baya aka shiga kai samarin nan barikin soja ana koya musu harbi. A watan Maris na 1992 aka gwada su a yankin Bugesera: gidan rediyon gwamnati ya karanta wata takardar ƙarya wadda ta ce Tutsi na shirin kashe manyan Hutu, cikin ƴan kwanaki aka kashe mutane wajen 300.

Ranar 4 ga Agusta 1993 aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Arusha. Ta tanadi raba kujerun gwamnati tsakanin MRND da ƴan adawa da FPR, da haɗe sojojin ɓangarorin biyu, a raba manyan hafsoshi rabi da rabi. Sojan gwamnati, wanda yaƙi ya kumbura shi daga kimanin 5,000 zuwa fiye da 30,000, dole a sallami dubbai daga cikinsa. Wato zaman lafiya na nufin wasu manya za su rasa kujera, wasu hafsoshi su rasa kaki, wasu kuma su fuskanci shari'a. Sai kuma ranar 21 ga Oktoba 1993 sojojin Tutsi a maƙwabciya Burundi suka kashe zaɓaɓɓen shugaba Melchior Ndadaye, wanda Hutu ne. Masu tsattsauran ra'ayi suka samu abin da suke nema. Jam'iyyun adawa suka dare gida biyu, wani ɓangare ya koma wa kiran haɗin kan Hutu, samarin da jiya suke jifar juna suka koma layi ɗaya.

Takardun da suka rage

Akwai wasu takardu da duk mai bin wannan tarihi ke komawa gare su. Ta farko wasiƙa ce ta watan Satumba na 1991, wadda Kanar Déogratias Nsabimana ya rubuta yana ba da shawarar a horar da mutum ɗaya a ba shi bindiga a kowane rukunin gidaje goma a yankunan da ke kusa da fagen daga. Sunan da aka ba shirin mai daɗin ji ne: tsaron kai na farar hula.

Ta biyu ta fito ranar 21 ga Satumba 1992, lokacin da Nsabimana ya zama babban hafsan soja. Takarda ce da ke bayyana wa sojoji ko wane ne abokin gaba. Ba ta tsaya kan ɗan tawaye mai bindiga ba. Ta sa Tutsin cikin gida a jerin waɗanda ake zargi, ta ƙara da Hutun da ba su gamsu da gwamnati ba, da marasa aikin yi, da baƙin da ke auren matan Tutsi. Daga ranar da aka rubuta wannan, mai sayar da tumatir a kasuwa ma na iya zama abokiyar gaba ba tare da ta taɓa riƙe ko sanda ba.

Ta uku littafin ajiye bayanai ne na Kanar Théoneste Bagosora na shekarar 1993, inda ya rubuta da hannunsa yadda za a zaɓi mutane a ƙananan hukumomi, da wanda zai horar da su, da rabon makamai.

Ta huɗu saƙo ne da Janar Roméo Dallaire, ɗan Kanada mai jagorantar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, ya aika birnin New York ranar 11 ga Janairu 1994. Wani mai horar da Interahamwe ya gaya masa cewa an horar da mutum 1,700 an rarraba su rukuni rukuni na mutum 40 a cikin Kigali, an umurce shi ya yi rajistar dukan Tutsin birnin, kuma mutanensa na iya kashe mutum dubu cikin minti 20. Dallaire ya nemi izinin kai samame maɓoyar makamai. Aka hana shi.

Kuɗin daga ina?

Ƴan banga ba su rayuwa da iska. Gwamnati ta sayi makamai na dala miliyon 6 daga Masar a watan Maris na 1992, kuma yarjejeniyar ta tanadi a biya wani kaso da ganyen shayi, wato gumin manoma. Ban da na gwamnati akwai na aljihun masu hali. Wanda sunansa ya fi fitowa shi ne Félicien Kabuga, attajirin da ya fara da ƙaramin talla har ya mallaki gonakin shayi da injin niƙa da motocin dakon kaya, kuma ya haɗa surukuta da gidan shugaban ƙasa.

Akwai maganar adduna da ta shahara. Wasu masu bincike sun duba takardun neman izinin shigo da kaya suka ce an shigo da tan 581 na adduna tsakanin Janairu 1993 da Maris 1994. Daga baya, a 2020, wasu masana suka sake bin lissafin suka ce akwai kurakurai a ciki, kuma bai nuna wani hauhawa da ya wuce abin da ƙasar manoma ta saba saye ba. Duk ɗan kasuwa ya san takardar duwan na faɗin nauyin kaya da sunan mai shi, ba ta faɗin abin da ke cikin zuciyarsa. Abin da ba a musu a kai shi ne an raba adduna da bindigogi da gurneti ga ƴan banga, kuma motocin ƴan kasuwa sun yi jigilarsu.

Sai kuma baki da alƙalami. Jaridar Kangura, a watan Disamba na 1990, ta buga wasu dokoki goma ga Hutu. Ɗaya daga ciki ta shafi kasuwa: duk Hutun da ya haɗa jari da Tutsi, ko ya ba shi bashi, ko ya karɓi bashi a hannunsa, maci amana ne. Ku duba fa, tun shekara uku kafin kisan aka fara da raba abokan ciniki.

A 1993 aka kafa gidan rediyon RTLM a matsayin kamfani mai zaman kansa, ana sayar da hannun jari ɗaya faran 5,000 don kowa ya samu shiga. Kabuga ne shugaban kamfanin, shugaban ƙasa kansa na cikin manyan masu hannun jari, kuma jerin sunayensu ya kai gaban alƙalai. Mu da ke aiki gaban makirfo, wannan babi ya fi kowane yi mana nauyi. Gidan ya samu farin jini ne da kiɗan Kwango da barkwanci da hira irin ta majalisa, ba irin ɗaurarriyar muryar rediyon gwamnati ba. Da kisa ya fara, muryoyin nan da jama'a suka saba da su ne suka riƙa karanta sunayen mutane da lambobin motocinsu da wuraren da suka ɓuya. An naɗi kaset ɗin, an rubuta abin da ke ciki kalma bayan kalma. Ranar 3 ga Disamba 2003 kotun Arusha ta samu biyu daga cikin waɗanda suka kafa gidan da kuma editan Kangura da laifi. Valérie Bemeriki, ɗaya daga cikin masu gabatar da shirye-shirye, an yanke mata ɗaurin rai da rai a Ruwanda a 2009. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya kwatanta ƙauyukan da ke kama tashar da waɗanda duwatsu suka tare, ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin goma na waɗanda suka shiga kisan, rediyon ne sanadi. Magana zarar bunu ce.

Kwana ɗari

Daren 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin Habyarimana a lokacin da yake sauka Kigali, ya mutu tare da shugaban Burundi Cyprien Ntaryamira. Kafin gari ya waye an kafa shingaye. Ku lura da waɗanda aka fara nema da jerin sunaye a hannu: faraminista Agathe Uwilingiyimana, wadda Hutu ce, da shugaban kotun tsarin mulki Joseph Kavaruganda, da shugabannin jam'iyyun adawa. An fara da kawar da duk wanda doka ta ba shi damar riƙe ƙasar. An kashe sojojin Beljiyam goma, Beljiyam ta janye nata, ranar 21 ga Afrilu Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage rundunarta zuwa mutum 270.

A bakin shinge katin ɗan ƙasa ne ke yanke hukunci. Kisan kansa an sa masa suna aiki, makamai kuma kayan aiki. A jihar Butare da ke kudu, inda gwamnan Tutsi ne kuma ƴan adawa ke da ƙarfi, an yi kusan mako biyu abin bai kama sosai ba, sai da aka tuɓe gwamnan, shugaban riƙo Théodore Sindikubwabo ya je da kansa ranar 19 ga Afrilu ya yi jawabi, aka kawo sojoji da ƴan banga daga waje. Da ƙiyayyar gado ce kaɗai, da ba a buƙaci wannan duka ba. Ranar 25 ga Mayu faraministan riƙo Jean Kambanda ya aika wa gwamnoni umurni a rubuce a kan tsara shirin tsaron kai, wanda ya mayar da Interahamwe tamkar ma'aikatan hukuma. An buɗe asusu ana karɓar gudummawa daga ƴan kasuwa da ma'aikata. A rahoton tarukan ƙananan hukumomi an ga ana tattauna yadda za a raba gonakin mamata da amfanin da ke cikinsu.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Pauline Nyiramasuhuko, ministar iyali da ci gaban mata, tana rubuta abin da ake faɗa a tarukan gwamnati cikin littafinta, kuma littafin ya zama shaida a kanta. A 2011 ta zama mace ta farko da wata kotun duniya ta samu da laifin kisan ƙare dangi, tare da ɗanta wanda ke jagorantar ƴan banga a Butare.

FPR ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli. Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙiyasta mamata da kimanin 800,000, gwamnatin Ruwanda kuwa ta ce sun haura miliyon ɗaya. Mafi yawansu Tutsi ne. Sojojin FPR su ma sun kashe dubban fararen hula a wannan shekara, kuma kotun Arusha ba ta gurfanar da ko ɗaya daga cikinsu ba, abin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka daɗe suna suka a kai.

Ranar lissafi

Kotun Arusha ta tuhumi mutum 93, ta ɗaure fiye da 60, ta wanke 14, ta rufe a ƙarshen 2015. Kambanda ya amsa laifinsa aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1998. Rutaganda, ɗan kasuwar nan, ya samu irin wannan hukunci a 1999, ya mutu yana fursuna a ƙasar Benin a 2010. Bagosora ya mutu yana fursuna a Mali a 2021. A shari'arsa alƙalai sun ce takardun sun tabbatar da horar da ƴan banga da rabon makamai da tsara jerin sunaye, amma ba su isa su tabbatar ba tare da shakka ba cewa an ƙulla makircin ƙare dangi tun kafin 6 ga Afrilu. Wannan ma darasi ne: ba lalle sai an zauna an tsara ƙarshen abu tun farko ba, in an riga an tara samari da makamai da sunaye, rana ɗaya ta isa. Kabuga kuwa ya yi shekara 26 yana ɓuya, aka kama shi ranar 16 ga Mayu 2020 a wata unguwa kusa da Paris, sannan a 2023 alƙalai suka dakatar da shari'arsa saboda tsufa ya taɓa masa hankali.

Talakawan da suka shiga kisan, su kotunan gargajiya da ake kira gacaca suka yi wa shari'a a gaban maƙwabta, har zuwa 2012. An saurari ƙararraki kusan miliyon 2, kuma kimanin kashi biyu cikin uku ƙarar dukiya ce: saniya, kwanon rufi, ƙofa, katifa, kayan kanti. Wanda ya ɗauki buhu ɗaya yana ganin banza ta faɗi, bayan shekara goma sha aka kira sunansa a bainar jama'a aka ce ya biya. Wani mai bincike, Scott Straus, ya yi hira da fursunoni fiye da 200 da suka amsa laifin kisa. Yawancinsu magidanta ne manoma, da dama suna da dangi ko abokai Tutsi, kuma dalilin da suka fi kawowa shi ne tsoron yaƙi da matsin lambar ƴan uwansu Hutu.

Takardun sun adana sunayen waɗanda suka ƙi ma. A ƙaramar hukumar Giti, magajin gari da jandarmomi sun hana kisan ya kama. Wata tsohuwa mai maganin gargajiya, Zula Karuhimbi, ta ɓoye mutane da yawa a gidanta, ta riƙa tsorata ƴan banga da cewa duk wanda ya tsallaka ƙofarta aljanu za su kama shi. Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal, ya yi ta kwasar mutane cikin motarsa yana ratsa shingaye da wasa da dariya, har wani makami ya kashe shi ranar 31 ga Mayu 1994.

Abin da ya rage gare mu

Ruwanda daban, kowace ƙasa daban, kuma ba duk wanda ya tashi kare ƙauyensu ba ne Interahamwe. Amma hanyar da aka bi ba ta Ruwanda kaɗai ba ce. A Sudan gwamnati ta ba mayaƙan Janjawid makamai a 2003 don yaƙin Darfur, ta mayar da su runduna ta hukuma a 2013, a watan Afrilu na 2023 rundunar ta juya bindiga kan sojan ƙasar, kasuwannin Khartoum suka zama toka. Mai kiwon kura ya san ranar da ya fara ba ta nama, bai san ranar da za ta waiwayo shi ba.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, iyayenmu mata masu tebur da masu rumfa, duk mai son tara samari wurinku yake fara zuwa, don ku ke da kuɗin hannu, ku ke da motoci, ƴaƴanku da yaran shagonku ne ake ɗiba. In an zo da littafin gudummawa, ba rashin kunya ba ne ku tambaya: wa ke riƙe da kuɗin, wa ke ba samarin nan umurni, a gaban wace hukuma suke amsa tambaya in sun yi ɓarna, kuma yaushe za a karɓe abin da aka ba su? In kun ji an fara cewa kada a sayi kayan wane, kada a ba su wane bashi saboda ƙabilarsu ko jam'iyyarsu, ku tuna da Kangura. In kun ji mu ƴan rediyo mun fara kiran wasu mutane da sunan dabbobi ko ƙwari, ku kashe akwatin, ku kira mu ku gaya mana gaskiya. Masu hannun jarin RTLM da yawa sun ba da faran 5,000 ne kawai, suka karɓi takarda, suka koma shagunansu. Takardar ta fi gidan rediyon tsawon rai.

Allah ya ji ƙan waɗanda aka zalunta, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanta zaman lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.